Wa ya zana masuntan nan? Abin da na tsinta a wurin ɗan gwanjo

Baban Ummi (Birnin Kebbi):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, ku yi haƙuri da tsawonta. Shekaranjiya na je wurin wani ɗan gwanjo neman firam, ina so in sa hoton saukar ɗiyata. Cikin tarkacen da ya baza, tsofaffin agogon bango, fitilun ƙwai, rediyo marar murfi, sai na hango wani firam na katako mai nauyi, gilashinsa ya tsage daga gefe. Ya ce dubu huɗu, muka daidaita a biyu da rabi. Ni firam na saya, ban ko kula da abin da ke ciki ba, don ƙura ta rufe shi ruf. Da uwargida ta goge gilashin sai ga zane: masunta cikin ruwa har ƙirji, kowa da homarsa da gorarsa, kwalekwale ɗaya ɗauke da makaɗa, can gaba wani ya rungumo giwan ruwa yana kokawa da ita. Duk ɗan Kabi ya gani ya san Matan Fada ce, inda ake bikin kamun kifi na Argungu. A kusurwar ƙasa ta dama akwai ɗan rubutu, amma bakin katako ya cinye shi, harafin A kawai nake gani da wani mai kama da R. Mai kayan ya ce a hannun dillali ya haɗo su, kayan wani gida ne da aka raba gado, shi ma bai san gidan ba. Ga hotunan nan na ɗora. Ta yaya zan gano wanda ya zana?

Ɗan Gusau:
Wa alaikumus salam. Yaya, kada ka bari kowa ya taɓa abin nan! Ka manta da zanen Tutu na Ben Enwonwu? Shekara da shekaru ana cigiyarsa, ashe yana rataye a wani ɗan gida a Landan. A 2018 aka yi gwanjonsa, ya haura fam miliyan 1.2. Ka lissafa da canjin yau ka gani. In ta fashe kada a manta da mu.

Baban Ummi:
Ƙanena, ni dubu biyu da rabina ma uwargida ba ta gama yafe mini ba.

Malamin Zane:
Ɗan Gusau, a bi a hankali. Labarin Tutu gaskiya ne, har akwai wani na Enwonwu mai suna Christine, wanda iyalin da ke riƙe da shi suka binciki sa hannun a intanet, aka sayar da shi a 2019 sama da fam miliyan ɗaya. Amma Enwonwu mutum ne da aka rubuta tarihinsa, aka ɗauki hotunan ayyukansa, akwai abin gwadawa. Mafi yawan masu zanen ƙasar nan ba wanda ya taɓa rubuta sunansu ko a bayan ambulan.

Baban Ummi, kafin a kai ga "wa ya zana", fara da "zane ne kuwa?" Na sha ganin mutum ya zo mini da abu yana rawar jiki, ashe shafin kalanda ne aka yanke aka manna. Da dare ka kashe fitila, ka haska tocilan daga gefe, hasken ya kwanta a kan fuskar zanen. In fenti ne za ka ga tudu da kwari, sawun burushi ya fito. In bugun inji ne zai kwanta sumul, kuma in ka matso da kyamarar waya za ka ga ƙananan ɗige-ɗige a jere kamar idon rariya. Sannan don Allah kada a sa ruwa, kada a sa kananzir, kada a sa man gyaɗa wai don ya yi ƙyalli.

Baban Ummi:
Malam, na gwada. Akwai tudu, musamman a farin kumfar ruwa. Kuma ba a kan ƙyalle yake ba, katakon silin ne, irin mai santsi a gaba da kaushi a baya.

Ɗan Gusau:
To ai shi ke nan! Malam, ba kai ka taɓa ba mu labarin Jimo Akolo ba? Ga A nan ta fito ɓaro-ɓaro.

Malamin Zane:
In kowace A Akolo ce, da Abubakar da Aliyu sun shiga uku. Akolo sa'an su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya ne a kwalejin Zariya, lokacin da aka kafa ƙungiyar masu zane ta ɗalibai a 1958, kuma ya daɗe yana koyarwa a ABU. Ya zana mahaya da makaɗan Arewa, haka ne. Amma wanda ya bi ta Zariya akwai abin da ba ya ɓuya a hannunsa: yadda yake gina jikin mutum, da yadda na nesa ke ƙanƙancewa launinsu ya dushe. Duba naka. Masuncin da ke can baya girmansa ɗaya da na gaba, kuma kowane mutum an zagaye shi da baƙin layi. Ba raini ba ne, ni zanen ya burge ni ƙwarai, dubi yadda ya lanƙwasa bayan kifin nan. Sai dai ba a aji aka koyi wannan ba.

Tsohon Direba:
Jikana ya gwada min hoton. Ɗana, wanga aiki hannun masu hwentin mota na. Shekara talatin ina jan babbar mota tsakanin Jega da Kamba da Sakkwato, na san abin da nika hwaɗi. Duba huren da anka jera a kusurwa huɗu, ja da ɗorawa, da ganye bibbiyu. Irin shi aka sawa a ƙyauren baya na bodin katako, tsakiya a sa zaki ko dawisu, sama a rubuta "Allah ya kiyaye hanya". Su waɗanga mutane ba su sa suna. Mi za su yi da suna? Duk tasha an san hannun kowa. Mota in ta shigo, tun daga nesa za a ce wagga wurin wane anka yi mata ado.

Malamin Zane:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi na yi ta kallon masuntan, ban ko lura da furannin ba. Kuma maganarka ta dace da ƙyallin fentin, don fentin mai na gwangwani haka yake bushewa da sheƙi, ba kamar na bututu da muke amfani da shi ba.

Hajiya 'Yar Yawuri:
Ku maza kun fiye son suna a rubuce. Mu a ɗakunanmu tun fil azal ba a sa hannu, kuma ba mu taɓa ɓata ba. Kakata in aka kawo ƙwarya mai zane cikin kayan gara, juya ta kawai take yi ta ce wannan hannun wance ce, waccan kuma ta 'yarta ce, wuƙarta ba ta kai ta uwar nutsewa ba. Haka faifai, haka taskira, haka hula. Ko babbar riga, aska takwas ce dai ko aska biyu, tambarin nan dai shi ne, amma tsohon maɗinki zai gaya maka garin da aka yi ta, wani lokaci har zauren. Abin da ke kashe mu shi ne masu wannan idon suna ta tafiya. Baban Ummi, in za ka nemi mai zanenka, tsofaffi za ka nema, kuma kada ka ce sai bayan salla.

Abu Sumayya:
Ni dai tambayata, ya halatta ma a rataye hoton mutane a ɗaki?

Alaramma:
Abu Sumayya, wannan babi ne mai zaman kansa, malamai sun yi maganganu a kai, a buɗe masa zaure daban. Yanzu cigiya ake yi.

Hajiya ta yi gaskiya, amma mu a ɓangarenmu akwai inda ake barin suna. Allon zayyana da ake yi wa mai sauka galibi ba suna, sai dai a gane hannu. Littafi kuwa, in marubuci ya kai ƙarshe yakan rubuta "tammat bi hamdillahi", wani ya ƙara da sunansa da na mahaifinsa, da wanda ya rubuta wa, har ranar da ya gama, ya roƙi mai karatu addu'a. Shi ya sa in tsohon littafi ya zo hannuna, ganyen ƙarshe nake fara nema, kuma abin haushi shi ne ya fi saurin ɓacewa, shi da na farko. In babu, sai mu ɗaga takardar a rana. Da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinta, takardar Italiya ce da fatake ke kawowa ta hamada daga Tarabulus. Amma ita takarda shekarunta daban, na rubutu daban, tana iya kwana a gafaka shekara ashirin kafin alƙalami ya hau ta. Abin da nake so in ce, Baban Ummi, juya abin nan. Baya ya fi gaba faɗin gaskiya.

Maman Khalifa (Gusau):
Maganar baya ta tuna mini. Akwai wata tukunya mai murfi, mai ƙyalli, kore-kore haka, da muka gada wurin kakanmu, ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Daddawa muke ajiyewa a ciki. Wata rana ɗana yana wanke ta ya ce Mama akwai rubutun Larabci a gindinta. Ɗan hatimi ne ƙarami da aka danna tun yumɓun yana ɗanye, da wani kuma kusa da shi da ya cushe ba ya karantuwa. Har yau ban san mene ne ba.

Malamin Zane:
Hajiya, a kwashe daddawar nan yau! Ki duba ko rubutun "Abuja" ne da haruffan Larabci. In shi ne, hatimin makarantar ginin tukwane ce da Baturen nan Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950. Can Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce a bayan naira ashirin tana gina tulu. Al'adar wurin hatimi biyu ne, ɗaya na makaranta, ɗaya na maginin. Nata LK ne, na Cardew MC, sauran magina ma kowa da nasa. To na biyun nan da ya cushe shi ne zancen. Ki ɗora farar takarda marar kauri a kai ki goga fensir a hankali, wani lokaci haruffan kan fito. Ko ba nata ba ne, kayan wurin suna da masu nema.

Maman Khalifa:
Ikon Allah. Shekara nawa ina kashe naira ashirin ban taɓa tambayar ko wace ce ba. Bari yaron ya dawo daga makaranta.

Lauyan Bungudu:
Tunda an fara maganar masu nema, bari in sa baki. Zanen Baban Ummi da tukunyar Hajiya ba matsala. Amma dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta ɗauki aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, haka abin da aka tono daga ƙasa. Ba a cinikinsu sai ta hannun wanda hukuma ta amince, ba a fitar da su waje sai da izini. Mu nan mun ga abin da ya faru a Kwatarkwashi a shekarun 1990, aka yi ta tonon mutum-mutumin yumɓu ana lodawa, yau suna Turai ana kiransu na Sakkwato, ba a san ramin da kowanne ya fito ba balle wanda ya gina. Duk wanda aka kawo wa irin wannan a buhu, ya ce Allah ya kawo kasuwa, ya wuce.

Na biyu, hattara da masu shigowa ta saƙon sirri. Na taɓa ɗora hoton wani tsohon sirdi na gidanmu, wani ya biyo ni wai shi wakilin masu saye ne daga waje, in tura kuɗin rajista a ba ni takardar shaida. Ni da nake lauya saura ƙiris in tura.

Baban Ummi:
Barista, ai mutum biyu sun riga sun shigo mini. Ɗaya ya taya dubu hamsin bai ko tambayi girmansa ba.

To jama'a, na bi shawarar Alaramma. Na zare ƙusoshin a hankali, duk sun yi tsatsa, biyu sun karye. Ɗan Gusau, ka zauna da kyau. Rubutun da katako ya rufe, ARGUNGU ne. Sunan gari ne kawai.

Ɗan Gusau:
Inna lillahi. Na riga na zaɓi kalar motar.

Baban Ummi:
Amma bayan akwai kaya. An yi masa shimfiɗa da wani kwali, da alama bangon kalandar gwamnati ne, don akwai tambari da sunan Jihar Arewa maso Yamma. A jikin katakon kuma akwai layi biyu na ajami da fensir. Ni ajamina na makarantar allo ne, ya tsufa. Alaramma, ga hoton.

Alaramma:
Layin farko na karanta shi sarai: "fam ɗaya da sule biyar". Na biyu ya fara da "na Alhaji", sai suna, amma gara ta ci daidai wurin, saura wasali ɗaya da wutsiyar harafi. Ba zan yi ƙarya in cike ba. A ganina wannan rubutun kafinta ne, ya sa kuɗin aikinsa da sunan mai kaya don kada ya haɗu da na wani.

Malamin Zane:
Wannan ya fi sa hannu amfani a wurina. Jihar Arewa maso Yamma daga 1967 zuwa 1976 ta yi, kafin a raba ta a sami Sakkwato da Neja. Fam da sule kuwa an bar su a farkon 1973 da naira ta shigo. In aka haɗa, an sa firam ɗin tsakanin 1967 da wajen 1973.

Lauyan Bungudu:
Malam, ban yarda da rufe ƙofar a 1973 ba. Kakata har ta rasu "fam" take ce wa naira biyu, "sule" kuma kwabo goma. Kafinta zai iya rubuta fam a 1980 hankalinsa kwance. Kwalin ma ana iya tsintar tsoho a yi amfani da shi.

Malamin Zane:
Na karɓa, Barista. Abin da ya tabbata kawai shi ne ba a rufe bayan nan kafin 1967 ba. Kuma duk wannan shekarun firam muke lissafi, zanen zai iya girme shi. Bikin kamun kifin tun 1934 ake yinsa a tsarin da muka sani, saboda haka filin yana da faɗi. Amma katakon silin da fentin gwangwani sun fi kama da shekarun da muke zargi.

Hajiya 'Yar Yawuri:
Kun ga kun dawo kan takarda. Mutumin da ya biya fam guda da sule biyar don a sa wa zane gilashi, a zaurensa ya rataye shi, kuma duk wanda ya taɓa cin tuwo a zauren ya gan shi. Argungu nawa take daga Birnin Kebbi? Ko awa guda ba a yi.

Baban Ummi:
Hajiya, na ji, kuma na je. Jiya Asabar na naɗe shi a bargo na sa a bayan mota. Na fara da gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar nan da aka mayar gidan tarihi a 1958. Wani ma'aikaci ya karɓe ni da mutunci, ya duba, ya ce ba su da rajistar masu zane irin wannan, amma in gangara wajen tsofaffin 'yan kamasho da masu gyaran bodi.

Nan ne abin ya yi daɗi. Ina buɗe bargon mutane suka taru. Wani dattijo ya sa yatsa a kan furen kusurwa, bai ko kalli masuntan ba, ya ce wannan aikin wani mai fenti ne da ya zauna a bakin tasha, baƙo ne daga kudancin Kabi, shi ke yi wa motoci da shagunan shayi ado, lokacin biki kuma ya zana irin waɗannan ya sayar wa manyan baƙi. Laƙabinsa kawai ya sani, sunan yanka ya ɓace masa. Ana cikin haka wani tsohon ya ce a'a, wannan na yaronsa ne, don maigidan ba ya zana ido haka, kifinsa kullum ido ɗaya ne babba kamar kwabo, wannan kuwa har gira aka yi masa. Ya ce yaron bahago ne. Suka kaure da gardama har aka kira la'asar, kowa na rantsuwa. Abin da suka haɗu a kai shi ne dukansu biyun sun rasu, kuma yaron ya bar 'ya mace da ta yi aure wajen Kamba. Ban sa laƙabin a nan ba sai na sami iyalansu tukuna.

Malamin Zane:
Maganar bahago abin dubawa ce. Mai zane da dama in yana jan layukan inuwa, yawanci sukan tashi daga ƙasa ta hagu zuwa sama ta dama. Bahago akasin haka. Ba hujja ce yankakkiya ba, don mai fentin mota yana aiki a tsaye, hannunsa na juyawa yadda wuri ya ba shi, kuma sau da yawa maigida kan zana mutane ya bar wa yaro ruwa da furanni. Ɗauko mini hoton inuwar da ke ƙarƙashin kwalekwalen da ta cikin kifin, kusa sosai, da hasken rana. Sannan ka sami takarda ka rubuta ranar da ka saya, da inda ka saya, da abin da kowane dattijo ya ce da sunansa, ka ajiye tare da kwalin da ƙusoshin. Kada ka yar da ko ɗaya.

Tsohon Direba:
Na san su duka biyu, in dai waɗanda nika zato na. Bahagon shi yay yi min dawisu a motata ta biyu. Akwai hoton da anka ɗauke ni gaban ƙyauren motar, huren ya hito sarai. Yana cikin akwatin ƙarhe, gidan ɗiyata a Kamba. In Allah ya kai mu Juma'a zan sa a buɗe, in gara ta bar shi. Ita ɗiyar tashi ma sai a tambaya, Kamba ba ta da girman da mutum ka ɓacewa.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri, Baba, Allah ya kai mu. In hoton ya samu ni zan zo da kaina, in kawo zanen a jera su. Malam, hotunan inuwar sai gobe, yau hadari ya rufe gari.

Maman Khalifa:
Mun goga fensir ɗin. Na farkon Abuja ne kamar yadda Malam ya ce. Na biyun harafi biyu ne, amma ba L ba ce a gaba, yaron ya ce K, ni kuma ina ganin H. Ga shi nan ku duba mana.

Baban Ummi:
Ni ma H nake gani, Hajiya. Af, wanda ya san kafinta mai sauƙi a Birnin Kebbi ya taimaka mini ta saƙo, hoton saukar Ummi har yanzu yana cikin ambulan.